Ƙwanji Ba Ya Koya wa Mutum Takobin Japan

Na gaji da ganin wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyin samarinmu. Za ka ga ƙato ya tuɓe riga, ya ɗauko guntun bututun ƙarfe ko gungumen ice, yana ɗagawa sama yana dankarawa ƙasa, gumi na tsiyaya, an kuma rubuta wai haka samurai suke horo, kai ma ka yi ɗari biyar kullum, kafin wata uku ka zama gwanin takobi. Yaron da ya sha kallon finafinan Japan sai ya ɗauka gaske ne. Abin da zai samu kafin wata ukun shi ne gwiwar hannun da ba ta iya ɗaukar buta, da kafaɗar da ke hana shi kwanciya ta wannan ɓarin.

Wasannin takobin Japan a taƙaice uku ne. Akwai kendo, inda mutum biyu ke sa sulke da kwalkwali su kara da takobin gora mai suna shinai. Akwai iaido, wato koyon zare takobi daga kube, a yi sara, a mayar da shi, yawanci mutum shi kaɗai. Sai kenjutsu, tsofaffin makarantun da suka gaji salonsu tun zamanin samurai, waɗanda suka fi aiki da takobin ice. Kendon da duniya ta sani yau yana ƙarƙashin hukumar kendo ta ƙasar Japan da aka kafa a 1952, bayan an ɗage takunkumin da aka sa wa wasan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Hukumar ƙasa da ƙasa kuma ta biyo baya a 1970.

To, mu koma kan ƙaryar da ta kawo mu. Nawa ne nauyin abin da ake ta wannan tara ƙwanji dominsa? Dokar gasa ta ce shinai na babban namiji kada ya wuce santimita 120 a tsawo, kada kuma nauyinsa ya gaza giram 510. Na mata giram 440. Wato wajen rabin kilo ke nan. Shi kansa katana na ainihi, takobin ƙarfen da ake wa kirari, nauyinsa kilo ɗaya ne ko ya ɗan ɗara. Tun 2012 aka wajabta koyar da wasannin yaƙi na gargajiya a ƙananan makarantun sakandaren Japan, kendo na ciki, kuma da yawa daga cikin yaran ƙasar suna fara riƙe shinai tun suna shekara shida ko bakwai. Abin da ɗan firamare ke lilo da shi ba ya bukatar damtse kamar cinyar sa.

Matsalar ma ta wuce a ce ba a bukatar ƙarfin. Ga sabon shiga, ƙarfin hannu cikas ne. Dubi yadda ake riƙon: hannun hagu ne a can ƙarshen ƙota, na dama a sama kusa da kariyar hannu, ko da kuwa mutum ba bahago ba ne. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi na hannun hagu su ne ke damƙe takobin, na tsakiya ya ɗan taya, manuniya da babban yatsa kuwa a sake suke. Hannun dama aikinsa saita hanya kawai. Ana ɗaga takobi kafaɗa a sake, ya sauko da saurinsa, sai daidai lokacin da zai taɓa abin sara ne ake matse tafin hannu na ƙiftawar ido, a kuma saki. Wannan matsi da saki shi suke kira tenouchi, kuma mutane na cin shekaru suna nemansa. Yanzu ka ba sabon shiga sanda mai kilo biyu ko uku. Dole ya damƙe ta da yatsu goma, dole ya ɗage kafaɗu zuwa kunne, dole hannun dama ya karɓi aikin tunda shi ne mai ƙarfi, ya kuma gantsare don ya iya tsayar da ita. Kowane lilo ɗaya darasi ne yake ba jikinsa na yin abin ba daidai ba. Wanda ya yi ɗari biyar kullum na wata uku ya haddace kuskure sau dubbai, kuma malamin da zai karɓe shi daga baya sai ya fara da rushe wannan ginin kafin ya aza tubali ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai faskare ya ga irin wannan. Dattijo ramamme zai wuni yana fasa ice bai yi haki ba, don gatarin ne ke faɗuwa da nauyinsa, ƙugu da ƙafafu na tura shi. Saurayi mai ji da ƙarfi ya karɓa, minti goma hannunsa ya mutu, icen ko tsagewa bai yi ba.

Masu bidiyon nan ba daga sama suka tsinci maganar ba, gaskiya ce suka yanke wa kai da ƙafa. Akwai takobin ice mai nauyi da ake kira suburito, wanda aka yi don lilo, wani ma siffarsa irin ta filafilin kwalekwale ce, saboda labarin da ake bayarwa cewa gwanin takobi Miyamoto Musashi ya sassaƙa filafili ya kashe Sasaki Kojiro da shi a tsibirin Ganryu a 1612. Makarantar Tennen Rishin-ryu, wadda Kondo Isami shugaban dakarun Shinsengumi ya fito daga cikinta, an san ta da takobin ice mai kauri da nauyi. A Kagoshima, 'yan makarantar Jigen-ryu suna kafa gungume a tsaye su yi ta saransa suna ihu, har ana ba da labarin dubu uku da safe, dubu takwas da yamma. Duk an ji. Amma waɗannan mutane ne da suka tashi cikin abin, malami na tsaye a kansu yana gyara kowane motsi, kuma nauyin yana zuwa ne bayan hannu ya faɗa. Shi kansa Musashi da ake fakewa da shi, a littafinsa Go Rin no Sho da ya kammala a 1645, shekarar da ya rasu, ya soki makarantun da ke dogaro da sara da ƙarfin tsiya, ya kuma bayyana riƙon takobi kusan yadda na faɗa a sama. Wanda ke kafa hujja da Musashi don ya sa yara lilo da bututun ƙarfe bai taɓa buɗe littafin ba.

In ana son hujjar da ta fi wannan, a dubi su wa ke saman wasan. Babban matakin da ake bayarwa a kendo yanzu shi ne na takwas. Ba a barin mutum ya shiga jarrabawarsa sai ya kai shekara 46, ya kuma yi shekara 10 a mataki na bakwai, sannan kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari ke haye ta. A ɗakunan atisayen Japan ba abin mamaki ba ne ka ga tsoho ɗan shekara saba'in samari sun yi masa layi, kowa ya shigo da zafinsa, cikin minti biyu ya fita yana neman numfashi, tsohon ko taku uku bai yi ba. Da ƙwanji ne jarin, da labarin ya sha bamban.

Kada wani ya ce na ce a zauna. Kendo na cin jiki ƙwarai, sai dai daga ƙugu zuwa ƙasa yake ci, da kuma huhu. Tsayuwarsa ƙafar dama a gaba, ta hagu a baya, dunduniyar hagu a ɗan ɗage. Daga sha-raɓar hagun nan da agararta ake cilla jiki gaba, ƙafar dama ta dira da ƙara daidai lokacin da takobi ya sauka, murya kuma ta fita tare da su. In ukun nan ba su haɗu ba alƙalai ba sa ɗaga tuta, komai ƙarfin dukan. Shi ya sa raunin da 'yan kendo suka fi tsoro shi ne tsinkewar agarar hagu, wadda ta fi kama wanda ya daɗe bai motsa ba ya dawo da zumuɗi, kuma jinyarta watanni ce. Mai iaido shi kuma gwiwa ce jarinsa, domin huɗun farko cikin salo 12 na hukumar kendo ta Japan daga zaune ake fara su, a yunƙura a tashi da takobi a hannu.

Saboda haka mai son farawa, ko ya samu malami ko yana jiran ya samu, ga inda zai zuba guminsa. Ya fara da numfashi: tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 20 zuwa 30, sau uku a mako. In jiki ya saba, ya riƙa gauraya ta da gudu mai zafi na daƙiƙa 20 ko 30, ya huta, ya sake, domin akwai atisayen da 'yan kendo ke kira kakari-geiko, inda ɗalibi ke kai hari ba tsayawa na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma nan ne sabon shiga ke gane cewa huhunsa ne ya ci amanarsa, ba hannu ba. Tsallen igiya ma yana da kyau, yana gina sha-raɓa yana sa ƙafa ta yi sauƙi.

Sai ƙafafu, sau biyu a mako ya isa. Tsuguno da miƙewa, baya a miƙe, dunduniya a ƙasa, goma zuwa sha biyar sau uku. Dogon taku gaba a lanƙwasa gwiwa a dawo, ana sauya ƙafa. Sannan wanda aka fi rainawa alhali ya fi kowanne kare agara: a tsaya a bakin matakala da kan yatsu, a ɗaga dunduniya sama, a sauke ta a hankali har ta wuce bakin matakalar. Saukewar a hankali ita ce aikin, kada a yi ta da gaggawa. Don ciki da gadon baya, a kwanta rub da ciki, a ɗaga jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, a riƙe shi sambal na rabin minti. Japanawa ma suna da nasu tsohon salon da ke haɗa wannan duka: kafin atisaye ko bayansa ɗalibai na jera tsummoki masu laima a ƙasa, kowa ya dafa nasa da hannu biyu, ɗuwawu a sama, su ruga da gudu daga wannan bango zuwa wancan. Ɗaki ya goge, cinya da kafaɗa sun sha aiki. Amma a bar tsallen kwaɗo. A da su ma suna sa yara irinsa, daga baya suka watsar saboda illar da yake wa gwiwa.

Shi kuwa lilon takobi, wanda suke kira suburi, a yi shi da abu marar nauyi, shinai ko sanda mai tsawon mita ɗaya da ɗan kai. Talatin zuwa hamsin masu kyau sun fi ɗari biyar na hauka. A yi gaban madubi ko a ɗauki kai da waya a duba: hannun hagu na bin tsakiyar jiki, kafaɗu a ƙasa, takobi ya tsaya cak daidai tsayin kai. Da zarar sara ya fara karkata, an gaji ke nan, a ajiye. Bororo a gindin ƙaramin yatsan hagu alama ce mai kyau, in kuwa a hannun dama ya fito, riƙon ne bai yi ba. Ciwon tsoka na kwana biyu ba komai, amma zafi mai suka a gwiwar hannu ko wuyan hannu ko agara umarni ne a tsaya. A fita tsakar gida, don fankar sama ba ta san samurai ba. Kada kuma a yi dirar ƙafar nan a kan siminti ko tayil. Daɓen ɗakunan atisayen kendo na katako ne mai ɗan lanƙwasa, wanda ya yi ta a kan siminti dunduniyarsa ce za ta biya. A wadatu da jan ƙafa a ƙasa, gaba da baya, wanda shi ne ma abin da malamai ke sa sababbi su yi ta yi kafin a ba su sulke. Ƙarancin barci da rashin cin abinci mai kyau su ma suna kawo rauni, amma wannan kowa ya sani.

Abin da ba zan taƙaita ba shi ne zafi. A watan Agustan 2009 wani ɗalibin sakandare a lardin Oita ya rasu bayan zafi ya buge shi a wurin atisayen kendo, lamarin ya kai har kotu. Tsohuwar al'adar hana shan ruwa lokacin horo, wai don a gina juriya, Japan ta yi watsi da ita. Mai karanta wannan a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 sai ya yi atisayensa da asuba ko bayan la'asar sakaliya, ruwa a gefensa, in ya ji jiri ko tashin zuciya ya nemi inuwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna.

Kuma don Allah a bar adda da takobi mai kaifi. Su kansu masu iaido da takobi marar kaifi suke farawa, wanda aka ƙera da gaurayen alminiyom, sai bayan shekaru malami ke ba mutum izinin riƙe mai kaifi, kuma duk da haka yankan hannun hagu wajen mayar da shi kube abu ne da suka sani sarai. Sandar tsintsiya ta ishi mai koyo shekara guda.