Gyaran Hanyoyin Alhazai Masu Tafiya a Ƙasa a Makka da Mina

Galibin aikin Hajji da ƙafa ake yin sa. Alhaji yakan taka daga tantinsa a Mina zuwa wurin jifa ya dawo, kwana uku ko huɗu a jere, ban da ɗawafi da sa'ayi. Saboda haka gyaran hanyoyin masu tafiya a ƙasa ya zama babban aiki a wurin hukumomin Saudiyya.

Asarar rayuka ce ta tilasta gyaran. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsutsu cikin hanyar Mu'aisim, wadda aka fasa dutse aka yi. A 2006 kuma sama da mutum 340 suka rasu a bakin gadar Jamarat, wato wurin jifa. Bayan nan aka rushe tsohuwar gadar aka gina mai hawa biyar, aka raba mashiga da mafita, ta yadda mai zuwa jifa ba ya karo da mai dawowa. Aka kuma tsara wa kowace tawaga lokacin fitarta. A 2010 jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Mina, Muzdalifa da Arafa.

Wurin jifa ya sami sauƙi ƙwarai, amma cunkoson ya koma titunan da ke kaiwa gare shi. A ranar 24 ga Satumba 2015 ayarin alhazai biyu suka haɗu a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, alƙaluman ƙasashen alhazan kuwa sun haura 2,000, ciki har da 'yan Nijeriya da dama. Faɗaɗa wuri guda bai wadatar ba muddin hanyar da ke shigo da jama'a ƙuntatacciya ce.

Da Hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, sai hankali ya koma kan rana. Aka shafe wasu tituna da farin fenti don rage zafin kwalta, aka kafa rumfuna da na'urorin fesa ruwa, aka shimfiɗa kwalta mai laushi da aka haɗa da tsofaffin tayoyi domin ƙafafun tsofaffi.

Sai dai amfanin bai kai ga kowa daidai ba. Faɗaɗa Harami ya cinye tsofaffin unguwanni, manyan otal-otal suka maye gurbinsu, masauki mai araha ya yi nisa, tafiyar mai ƙaramin ƙarfi ta ƙaru. Wanda ya fi shan wahala shi ne mara takardar izinin Hajji, domin ba shi da tanti mai sanyi, ba shi da kujera a mota ko jirgi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa.