Yadda Ake Karanta Hasken Taurari Masu Dishi-dishi

Idan aka rarraba hasken tauraro zuwa launuka kamar bakan gizo, akan ga siraran layuka baƙaƙe waɗanda ke bayyana sinadaran da ke jikinsa da kuma motsinsa. Sai dai gwargwadon yadda aka baza hasken, gwargwadon yadda kowane launi ke dusashewa. Tauraro mai dishi-dishi kuwa ba shi da hasken da zai wadatar.

Domin magance wannan matsala, masana sun ƙera na'urar rarraba haske mai suna ESPRESSO, suka girka ta a dutsen Paranal na ƙasar Chile, inda ake da manyan madubai 4 na hangen nesa, kowanne mai faɗin mita 8.2. A shekarar 2018 aka tattaro haskensu ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin na'urar, suka zama tamkar madubi guda mai faɗin mita 16.

An killace na'urar cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, aka kuma daidaita zafinta, domin ɗan canjin yanayi kan gusar da layukan. Manufa ita ce auna motsin tauraro na santimita 10 a daƙiƙa. Duniyarmu kuwa tana rinjayar Rana da kimanin santimita 9. Ta haka ake fatan gano duniyoyi irin tamu.