HAƘORIN ROBA YA FARA MOTSI? KADA KA SA MASA GAM



Cike giɓi da haƙorin roba magani ne, ba abin kunya ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci, ya sanya na zinare. Amma fa haƙorin yana son kulawa.

Bayan an cire haƙori, ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi yana motsewa a hankali, musamman a shekarar farko. Robar kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa za ka ji tana rawa in kana tauna tuwo ko karatu a sallah. In ka ƙyale, sai ta goge dasashi ta yi gyambo, ƙarfen da ke maƙale da lafiyayyun haƙoranka ya riƙa girgiza su har su ma su tafi.

Sau da yawa ba sai ka sayi sabo ba. Likitan haƙori zai ɗauki awon dasashinka, ya ƙara wa robar sabon shafi ta ciki, ta koma ta zauna daram.

Kafin nan:
• Kada ka sa gam, kada ka lanƙwasa ƙarfen.
• Cire shi da dare, ka ajiye cikin ruwan sanyi. Ruwan zafi yana karkatar da shi.
• Gyambon da ya kwana 14 bai warke ba, garzaya asibiti.

Mazauna Nassarawa GRA, ku tuntuɓi sashen haƙori na Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ko na Malam Aminu Kano.

Allah Ya ƙara lafiya. A tura wa iyayenmu.