Lauya a Cikin Wayar Hannu: Neman Shawarar Shari'a Daga Ƙasar Shanga

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka ta da mutane kimanin 44,000 daga gidajensu na gado, ruwan Kwara a masarautar Yawuri yakan cika ya kuma janye kowace shekara. Idan ya janye sai ya bar laka mai albarka. Manomi yana so ya dasa albasa, makiyayi yana so shanunsa su ci burugu. To, iyakar gonar da ta shafe watanni a ƙarƙashin ruwa, wa zai rantse a kan inda take? Na sha tarar da irin wannan rigima a lokutan da nake zuwa nazarin kifi a gaɓar.

Tun 1976 Nijeriya take da hukumar da ke bai wa marasa ƙarfi lauya kyauta. Amma talakan Shanga da ya nufi Birnin Kebbi, kuɗin mota kawai ya isa ya sa ya haƙura da haƙƙinsa. Nan ne ganawa ta bidiyo take da amfani.

Ɗalibai za su so su san yadda abin yake aiki. Kyamarar waya tana ɗaukar hotuna kimanin 25 zuwa 30 a daƙiƙa guda, ta mai da su lambobi, ta aika su ta iska zuwa turken sadarwa, daga nan su isa wayar lauya. Hotunan tsayayyu ne. Ƙwaƙwalwar mai kallo ce take haɗa su ta ga motsi. Fifikon wannan a kan murya kaɗai a fili yake: lauya zai karanta takardar sammaci da idonsa, ya ga ɓarnar da aka yi a gona, ya kuma lura da fuskar mai magana idan tsoro ya hana shi faɗin wani abu.

Ba mafarki ba ne. Indiya ta soma irin wannan shiri a ƙauyukanta a 2017. A nan gida kuwa, annobar korona ta sa wasu kotuna zama ta bidiyo, har Kotun Ƙoli ta bayyana a watan Yulin 2020 cewa hakan bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Cikas ɗin yana ƙasa. Bidiyo yana cin lambobi ninkin-ba-ninkin na murya, saboda haka inda sadarwa take da rauni sai hoto ya daskare. Cajin waya ma aiki ne a tungayen da ba lantarki, ko da yake daga ruwan nan ake samar da shi. A nan faifan hasken rana zai taimaka. Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Dattijuwar da ta fi sakewa da Shanganci ko Gunganci tana buƙatar tafinta, kuma matar da ta zo da ƙorafin gado ba za ta buɗe baki a shagon caji ba, alhali ƙanen mijinta yana zaune a kan benci. Sai an keɓe ɗaki mai ƙofa, ko da a makarantar firamare ne bayan an tashi.