AMFANIN DUNƘULE LAYUKAN SAUTI A WAJEN HAƊA WAƘA DA KWAMFUTA

Waƙar da mai karatu yake ji a rediyo ko a wayar hannu ba a lokaci ɗaya aka ɗauke ta ba. A situdiyo akan ɗauki kowane sauti a kan layinsa: ganga daban, kalangu daban, fiyano daban, muryar mawaƙi daban, ta 'yan amshi kuma daban. Sa'an nan mai haɗa sauti ya zauna ya daidaita su, ya ɗaga wannan, ya sassauta wancan, aikin da ma'aikatan situdiyo ke kira miksin. Bayan ya gamsu sai ya umurci na'ura ta narkar da layukan duka su koma biyu, na kunnen dama da na hagu. Wannan mataki na ƙarshe shi ne dunƙulewa.

ASALIN AL'AMARIN

Tilas ce ta haifar da wannan dabara. Wani makaɗi na Amurka mai suna Les Paul yana cikin waɗanda suka fara ɗora sauti a kan sauti, har kamfanin Ampex ya ƙera masa na'ura mai layi 8 a 1957. Duk da haka, a 1967 lokacin da ƙungiyar Beatles ta Ingila ta yi faifanta mai suna Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, na'ura mai layi 4 kawai ta yi aiki da ita. In layukan sun cika, sai injiniya ya juye su a kan layi ɗaya ko biyu na wata na'urar, domin a sami gurbin ƙara wani kiɗan. Kowace juyawa kuwa tana ƙara wa zaren ɗaukar sauti shuwa, saboda haka ba a yin ta sai an yi shawara. A nan Nijeriya ma, da Paul McCartney ya zo Legas a 1973 ya ɗauki faifan Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa, layi 8 ya tarar.

Da kwamfuta ta shigo sai ƙuncin ya kau. Manhajar Cubase ta fito daga Jamus a 1989, Pro Tools ta biyo baya daga Amurka a 1991 da layi 4, ita kuwa FruityLoops ta ƙasar Beljiyam ta koma FL Studio a 2003. A yau yaro mai ƙaramar kwamfuta a Kano ko Kaduna yana iya buɗe layi 40 ko fiye. To, tun da gurbi ya wadata, me ya sa har yanzu ake dunƙulewa?

SAUƘE WA NA'URA KAYA

Amfani na farko shi ne hutar da kwamfuta. Duk adon da aka sa wa layi, kamar amsa-amo ko gyaran murya, lissafi ne da na'ura take yi nan take a duk lokacin da aka kunna waƙar. In layuka suka yi yawa sai ta fara sarƙewa, sauti ya riƙa yankewa. Amma in aka dunƙule layukan ganguna 10 suka koma guda, lissafin ya ƙare ke nan, abin da ya rage mata karantawa kawai. Ga mai tsohuwar kwamfuta, wanda kuma yake tseren gama aiki kafin a ɗauke wuta ko man janareto ya ƙare, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Na biyu shi ne rage nauyi. A ma'aunin faifan CD, watau ɗibar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, layi guda yana cin megabait 5 da ɗoriya a minti ɗaya. Ashe ke nan waƙar minti 5 mai layi 40 ta haura megabait 1,000. In an dunƙule ta sai ta dawo wajen 53, in kuma an matse ta zuwa MP3 na yau da kullum ba ta kai 5 ba. Da haka ne take iya isa gidan rediyo, da wayoyin jama'a, da hannun masu tura waƙoƙi a kasuwa.

Na uku shi ne adana aiki. Fayil ɗin manhaja ba waƙar ba ce, jerin umurni ne kawai da ke gaya wa kwamfuta inda kowane sauti yake da adon da za ta sa masa. Ranar da aka sake na'ura, ko wani ado ya daina aiki, waƙar ba za ta fito yadda aka bar ta ba. Dunƙulallen fayil irin na WAV kuwa kowace na'ura tana buɗe shi.

Har wa yau akwai dunƙulewa rukuni-rukuni, inda ake fitar da kiɗa zalla a gefe ɗaya, murya zalla a ɗaya gefen. Da kiɗa zalla mawaƙi yake zuwa gidan biki ya rera waƙarsa da bakinsa. Mai tace fim kuma yana iya sassauta kiɗan a ƙarƙashin maganar 'yan wasa ba tare da ya koma situdiyo ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Sai dai in an dama fura da nono, raba su sai wani ikon Allah. Labarin waƙar Now and Then ya isa misali. John Lennon ya ɗauke ta a gida a kan kaset a ƙarshen shekarun 1970, muryarsa da fiyano a cakuɗe. Bayan rasuwarsa a 1980, sauran 'yan Beatles suka gwada ƙarasa ta a 1995, amma suka ajiye, domin kaset ɗin ba shi da kyau kuma fiyano yana danne muryar. Sai da ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fim na ƙasar Niyuzilan, suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira suka tsame muryar, sa'an nan waƙar ta fito a 2023. Irin waɗannan na'urorin tsamewa sun yawaita yanzu, amma abin da suke fitarwa kwatance ne, bai cika kai asalin layin tsabta ba.

Saboda haka gwanayen sana'ar suna dunƙulewa, amma ba sa zubar da asali. Kafin su danna, sukan tabbata ƙarfin sauti bai taɓa jan layi ba, don in ya fashe a dunƙule babu gyara. Sukan kuma saurari waƙar ta lasifika guda, tun da yawancin masu saurare da ƙaramin rediyo ko waya za su ji ta. Sa'an nan WAV suke fara fitarwa, daga gare shi a ciri MP3, domin matse abin da aka riga aka matse yana ƙara lalata shi.

Mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo lalle ne ya nemi abu 3 kafin ya fita: cikakkiyar waƙar a WAV, da kiɗa zalla tare da murya zalla, da kuma kowane layi shi kaɗai tun daga farkon waƙar har ƙarshenta. Ya ajiye su a wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wani wurin. Situdiyo kan tashi, kwamfuta kan mutu, mai haɗa sauti kan sake gari. Wanda ya tafi da MP3 kaɗai, duk ranar da mai fim ko kamfanin talla ya nemi kiɗan ba murya, ko kuwa aka ga wani baiti yana bukatar gyara, sai ya sake biyan kuɗi a ɗauki waƙar tun daga tushe.