Majigin ɗakin taro: Abin dubawa kafin a saya

A zamanin mulkin mallaka, majigi mota ce da ke yawo gari-gari a arewacin Najeriya, tana nuna wa jama'a finafinan kiwon lafiya da noma da daddare.

Yanzu kuwa majigi ƙaramar na'ura ce da ake haɗawa da kwamfuta a ɗakin taro, ta haska rubutu da alƙaluma a jikin bango.

To ko me ya kamata ma'aikata ko kamfani a Kazaure, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa ya lura da shi kafin ya fitar da kuɗinsa?

Kyawun hoto

Hoton majigi taron ƙananan ɗigogi ne, kuma yawansu shi ke sa rubutu ya fito sarai.

Tsohon samfurin XGA na da ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye. Samfurin Full HD na da 1920 da 1080, wato sama da ɗigo miliyan 2, yayin da 4K ya ninka hakan sau 4.

Ga ɗakin da ake nuna kasafin kuɗi da jadawalin lissafi, Full HD ya wadatar. Da wuya wanda ke zaune a bayan ɗaki ya ga bambancin 4K, sai dai in allon babba ne ƙwarai.

Haske da ƙura

Majigin da can sai dare ya yi ake kunna shi, amma taron ofis da rana ake yi. Saboda haka ƙarfin haske, wanda ake aunawa da lumen, na da muhimmanci. Ɗaki mai tagogi na bukatar kimanin lumen 3,500 zuwa sama, in ba haka ba hoton zai dushe komai yawan ɗigoginsa.

Ƙurar hunturu kuma na toshe matatar iska, na'urar ta ɗau zafi, musamman in aka shiga bazara ba a share ta ba.

Wutar lantarki

Majigi mai ƙwan fitila na bukatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi. Ɗauke wuta bagatatan kan rage wa ƙwan kwana, don haka ya kyautu a haɗa shi da batirin ko-ta-kwana.

Ƙwan kan yi aiki na sa'o'i dubu kaɗan ne, alhali mai hasken lesa kan kai kimanin sa'o'i 20,000. Ya fi tsada, amma ya raba mai shi da neman ƙwai a kasuwannin Kano.