Shin Ko Kun San Arewa Ta Taɓa Yin Jirgin Ƙasa Mai Hawa Dutse?

Shin ko kun san a yau akwai masu biyan kuɗi masu yawa, su tsallaka teku, don kawai su hau tsohon jirgin ƙasa mai amfani da kwal? Kamfanonin yawon buɗe ido ne ke tara su rukuni-rukuni. A haɗa su da jagora, a kama musu masauki, a yi kwana da kwanaki ana bin ƙananan layukan dogo cikin duwatsu. Hayaƙi, ƙara, tafiyar hawainiya, su abin da suke nema ke nan!

To ku gyara zama. Mu ma mun taɓa yin irin wannan jirgi a nan Arewa.

Daga Zariya yake tashi, ya haye tsaunukan Jos har Bukuru. An fara shimfiɗa dogon a 1911, aka kammala a 1914. Tsawonsa kusan kilomita 230. Kuza aka gina shi don ya ɗauko, wadda a da 'yan dako ke saukowa da ita a ka.

Faɗin dogon fa? Ƙafa 2 da inci 6, wato santimita 76 kacal tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Bai fi faɗin ƙofar ɗaki ba! A kan wannan siririn layi ake jan taragai cike da kaya da mutane zuwa Jos, garin da ke sama da teku da mita 1,200 ko fiye. Siririn dogo ya fi sauƙin shan kwana a gefen dutse, kuma ya fi arha.

Ga abin mamaki. Turawa sun sa masa sunan Bauchi, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin tsaunukan Jos na cikin lardin Bauchi ne. Shi garin Bauchi sai a 1961 jirgi ya iso masa, ta wani layi dabam.

Kuma wasu ƙarafan nasa kwance ne! Daga ƙaramin layin Zungeru aka kwaso su, wanda aka buɗe a 1901, dogo na farko a duk faɗin Arewa.

A 1927 babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan. Kasuwar ƙaramin jirgi ta fara ja baya. A 1957 aka rufe shi. Wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga abin da ya rage na kawunansa a ajiye. Abin da ciwo wallahi.

Yanzu mu dawo gida, ƙasar Haɗejiya. A nan babu dutsen da jirgi zai haura, fadama ce shimfiɗe iya ganinka. Amma kun san dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka buɗe a 1930, shi ma tsawonsa kusan kilomita 230 ne? Kusan daidai da na Jos!

Kun kuma lura bai shiga birnin Haɗejiya ba? Ya biyo ta Ringim da Gagarawa, ya tsaya a Malam Madori, ya wuce Birniwa, sai Nguru. Malam Madori ita ce tashar mutanen Haɗejiya, kuma dogo ne ya ɗaga ta. Gyaɗa ta yi ta kwararowa har aka riƙa yin dalar gyaɗa a garin kamar yadda ake yi a Kano a lokacin. Dala ɗaya takan ci buhu 15,000. Ku lissafa taragan da za su kwashe ta!

Shi ma wannan dogo, a ma'aunin duniya, siriri ne: milimita 1,067. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Jirgin wannan ba zai taɓa hawa layin wancan ba.

To yaya wasu ƙasashe suka yi da nasu ƙananan jiragen? Ku dubi Indiya. Jirgin Darjeeling, a gindin tsaunukan Himalaya, yana aiki tun 1881. Faɗin dogonsa ƙafa 2 cif, ya fi na Jos ƙanƙanta. Kilomita 88 yakan cinye kusan awa 7. A wasu wurare sai ya yi gaba, ya dawo da baya, ya sake yin gaba kafin ya haye. Tashar Ghum tana mita 2,258 sama da teku. Ku ji wannan: mutane ke zama a goshin jirgin suna watsa yashi a kan ƙarfe don kada ƙafafun su zame! A 1999 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

A Afirka ma akwai. Jirgin Eritiriya ya isa Asmara daga gaɓar Bahar Maliya a 1911, shekarar da dogo ya iso Kano. Daga bakin teku zuwa sama da mita 2,300! Yaƙi ya lalata shi, bayan 'yancin kai aka kira tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka tashe shi.

Mu kuma muna da abin da baƙi ke so. Kowane hunturu tsuntsaye na tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru, irin su Baturiya da Dagona. Dogon Nguru yana ratsawa ta gefen wannan yanki. Na Jos dai ya tafi. Na Nguru yana nan, don Allah a kula da shi. In kuna da dattijo a gida da ya ga zamanin jirgin kwal a Malam Madori, ku zauna da shi ku rubuta abin da zai faɗa muku.